Zuwa Ga Iyayenmu Na Ikkilisiya A Zariya, Kafin A Fara Rabon Kirsimeti

Iyayenmu cikin Ubangiji,

Ina gaishe ku duka da sunan Yesu Almasihu: bishop-bishop, rabaran-rabaran, fada-fada, fastoci, dattawa, da iyayenmu shugabannin Zumuntar Mata, tun daga Wusasa har Sabon Gari, daga Tudun Wada har Samaru da Basawa. Yaya aikin Ubangiji? Yaya muka ji da sanyi?

Hunturu ya kankama. Teloli sun daina barci, kuɗin kaza a kasuwar Sabon Gari ya fara hawa, 'yan kwaya suna ta bitar waƙoƙin haihuwa har dare. Na kuma san a kusan kowace majami'a kwamitin jinƙai ya fara zama a kan rabon Kirsimeti: buhu nawa aka samu, gwauraye nawa ke cikin takarda, wa za a gayyato ya zama babban baƙo. Shi ya sa na ce bari in yi tawa maganar yanzu, tun ba a ɗaura lasifika ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ni tsohon malamin firamare ne, na yi ritaya. Na riƙe ma'ajin ikkilisiyarmu shekara 11. Ba zan faɗi wacce ba, don abin da zan faɗa ba na majami'a ɗaya ba ne, in kuwa laifi ne, hannuna dumu-dumu yake a ciki. Ni ne mai riƙe takarda, muryata ce ke kiran sunaye.

Kun fi ni sanin yadda muke yi. Lahadin ƙarshe kafin Kirsimeti, bayan wa'azi, sai a jera kaya a gaban bagade: shinkafa a leda mudu biyar-biyar, kwalbar man gyaɗa, ƙullin magi, in shekara ta yi kyau har da atamfa. Sai in miƙe in fara da masu bayarwa, daga babba zuwa ƙarami. "Babanmu wane, buhu 10!" Tafi raf-raf, mata su rangaɗa guɗa, mai ganga ya buga. Wanda ya kawo naira dubu biyu kuwa sunansa na can ƙasa, kafin a kai gare shi hannuwa sun gaji. Daga nan in juya takarda in shiga kiran gwauraye ɗaya bayan ɗaya.

Wata shekara na kira wata uwa, mijinta bai cika wata takwas da rasuwa ba. Mace ce mai kamun kai, ta daɗe tana koyar da yara a Makarantar Lahadi, kuma lokacin da maigidanta ke raye gidansu ake sauke baƙin ikkilisiya. Na kira sau ɗaya, shiru. Na sake kira da ƙarfi, har da ɗan wasa, wai ko Mama ta ƙoshi ne. Aka yi dariya. Ta taso daga kujerun baya, tana tafe kamar mai taka ƙaya. Aka ɗora mata leda a hannu, sai yaron da ke ɗaukar hoto ya ce, "Mama, ɗaga ledar sama kaɗan, kalli nan." Ta ja bakin gyalenta ta rufe rabin fuska. Babban baƙo ya matso ya yi murmushi. Daga inda nake tsaye na hango ɗanta, saurayi ɗan aji biyar na sakandare, ya sulale ta ƙofar gefe. Kafin faɗuwar rana hoton yana Facebook, ana ta rubuta "Allah ya ƙara buɗi" a ƙarƙashinsa.

Ba ta daina zuwa sujada ba. Sai dai tun daga shekarar, duk Lahadin rabo ciwon kai ke kama ta. Ɗan kuwa ban ƙara ganinsa a cikin matasa ba. Abin da na ce a raina a lokacin shi ne, ga rashi ga girman kai. Allah ya gafarta mini.

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Tawa miyar ta ƙare a 2023, shekarar da aka janye tallafin mai. Kuɗin mota ya tashi, awo ya gagari mai ƙaramin ƙarfi, kuɗin sallamata suka maƙale a inda suka maƙale, uwargida kuma ta kwanta asibiti makonni, ɗan abin da muka tara ya tafi a magani. Disamba ta same mu ko mudu ɗaya na shinkafa babu. Na san sarai in na buɗe baki kwamiti zai sa ni a takarda. Na kuma san yadda ake karanta takardar, tunda ni na koya wa wanda ya gaje ni. Na gwammace mu tuƙa tuwo da miyar kuka ranar Kirsimeti mu ja ƙofa.

Ana saura kwana biyu, da asuba na buɗe ƙofar zaure zan fita, sai na yi tuntuɓe da abu. Rabin buhun shinkafa ne, da galan ɗin mai, da kaza an ɗaure mata ƙafa da tsumma, ta lafe a jikin buhun saboda sanyi. Ba takarda, ba suna.

Kuna tsammani durƙusawa na yi na gode wa Allah? Raina ne ya ɓaci. Wa ya san halin da nake ciki? Wa ya kai labarina? Na yi ta bincike kamar wanda aka yi wa sata. Na tambayi mai shayin bakin layi, ya ce shi bai ga kowa ba. Na tambayi maƙwabcina Alhaji, wanda shekara da shekaru muna musayar kwano, su aiko mana da naman layya mu aika musu da shinkafar Kirsimeti. Ya yi dariya ya ce, "Malam, ko ni ne ai ba ka ji a bakina ba. Mu ma an hana mu ɓata sadaka da gori." Na bi tsofaffin ɗalibaina da ido, na bi 'yan kwamiti da ido. Kuma ba don in yi godiya nake neman mutumin ba. So nake in san nauyin bashin, in san ranar da zan sauke shi.

Uwargida ce ta gaji da ni. Tana kwance, murya ba ƙarfi, ta ce, "Malam, da kai mala'ika Jibra'ilu ya kawo wa albishir, da cewa za ka yi ya dakata ka shiga ɗaki ka nemo tukuici. A yanka kazar nan."

An yanka. Na ci kuwa, amma da ƙyar ta wuce.

Iyayena, abin da ya kawo ni ke nan. Tun ina yaro nake jin wa'azin bayarwa, ban san adadinsa ba. Na karɓa kuwa ban tuna ko ɗaya ba. Alhali duk bangaskiyar da muke tinƙaho da ita a kan karɓa aka kafa ta.

Sa'ad da Likita Miller, Baturen mishan da ya zauna a Zariya, da Hausawan da suka taya shi suka fassara Littafi Mai Tsarki, wanda aka buga cikakkensa a 1932, ba su ƙirƙiro baƙuwar kalma don wannan kyauta ta Allah ba. Sun ɗauki wadda ke bakin kowa a kasuwa da zaure: alheri. Kalma ce mai daɗi, sai dai ta shigo majami'a da kayanta a ka. A wurin Bahaushe alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Alheri gadon barci ne. Wato yi yau, ka tarar gobe. Mu mutanen biki ne: mace ta kai wa ƙawarta dubu biyar ranar suna, a rubuta a littafi, ranar nata sha'anin a mayar mata da abin da ya fi haka. Kwano ba ya komawa wofi, yaba kyauta tukuici. Ban raina ko ɗaya ba. Da wannan ake riƙe zumunci, da shi ni da Alhaji muka zauna lafiya har a shekarun da gari ya yi zafi. Inda gizo ke saƙar shi ne mun ɗauki littafin bikin mun shiga da shi gaban Allah. Bulus ya gaya wa Afisawa ƙarara cewa ta wurin alheri aka cece su, kyautar Allah ce, ba ta ayyuka ba, don kada kowa ya yi fahariya. Muna haddace ayar tun a Makarantar Lahadi, amma can ƙasan zuciya muna lissafi: na ba da zakka, na sayi kujeru, na yi azumi, yanzu saura nasa.

Ba daga sama muka ɗauko wannan lissafi ba, wani lokaci daga mumbari muke jin sa. Daren 31 ga Disamba, ana jiran shiga sabuwar shekara, akwai inda ake raba ambulan a ce kowa ya shuka iri daidai girman abin da yake so Allah ya yi masa. Ku tuna da Na'aman, sarkin yaƙin Suriya. Ya zo neman warkewa daga kuturta da azurfa da zinariya da riguna, ya warke, ya matsa wa Elisha ya karɓa, Elisha ya rantse ba zai taɓa ba. Gehazi, baran Elisha, ne ya bi shi a guje ya karɓo, kuturtar kuma ta koma kansa. Haka Siman na Samariya ya zaro kuɗi zai sayi baiwar Ruhu, Bitrus ya ce masa kuɗinsa su hallaka tare da shi. Ban ce a daina baiko ba. Rufin majami'a ba ya gyara kansa, fasto ma yana da 'ya'ya a makaranta, ni da na riƙe asusu na san watan da ake rasa kuɗin wuta. A nemi kuɗi da sunan kuɗi, a ce ga buƙata, ga abin da za ta ci. Kada dai a rataya wa alherin Allah farashi.

Labarin da za ku karanta mana ranar 25 ga wata ma, in an duba, labarin masu karɓa ne. Maryamu ba ta nemi komai ba, an zo mata da shi, ta ce ita baiwar Ubangiji ce, ya zama mata yadda aka faɗa. Da suka kai jaririn Haikali, hadayarsu 'yan tsuntsaye biyu ce, kurciyoyi ko 'yan tattabaru, wadda Shari'ar Musa ta yarje wa wanda ba shi da halin ɗan rago. Da a gabana Yusufu ya kawo wannan, sunansa na can ƙasan takardata inda tafi ba ya kaiwa. Ko ma yana bayan takardar. Masanan nan na gabas da suka kawo zinariya da lubban da mur, Matiyu bai faɗi sunansu ba, bai ma faɗi su nawa ne ba, mu ne muka ƙirga kyautar muka ce uku. Suka ajiye, suka yi sujada, suka koma ta wata hanya. Shi kansa Ubangiji fa? An kwantar da shi a komin dabbobi. Ya roƙi Basamariya ruwan sha a bakin rijiya. Luka ya ce mata ne, irin su Maryamu Magadaliya da Yuwana da Suzana, suke ɗaukar nauyinsa da almajiransa daga abin hannunsu. Jakin da ya hau na aro ne, kabarin ma na wani ne. Bai ji kunyar ko ɗaya ba.

Mu kuwa a kowace gidauniya sai an karanto mana cewa bayarwa ta fi karɓa albarka. Gaskiya ne, maganar Ubangiji ce. Amma mun maimaita ta har ta koma kamar mai karɓa ba shi da albarka ko kaɗan, kamar matakala ce kawai da mai bayarwa zai taka ya hau. To wa zai so zama matakala? Ranar da na tsaya a kan buhun nan raina a ɓace, Bitrus ne ni, sa'ad da ya janye ƙafa ya ce Ubangiji ba zai taɓa wanke masa ba. A ido kamar ladabi ne. Amsar da ya samu ita ce, in ba a wanke shi ba, ba shi da rabo.

Na san abin da za a ce, don ni ma na faɗe shi a zaman kwamiti. Za a ce kiran suna na zaburar da masu hali, in an daina kaya za su ragu. Wataƙila su ragu, ba zan yi muku ƙarya ba. Za a kuma ce ai Bulus ma ya yi wa Korantiyawa kirari da mutanen Makidoniya don ya motsa su. Haka ne. Amma ikkilisiyoyi ya yaba a dunƙule, ba wane da wane ba, bai faɗi nawa kowa ya kawo ba, kuma abin da ya ba shi mamaki shi ne matalauta ne ƙwarai suka yi wannan. Ko ranar da Yesu ya zauna yana kallon masu zuba baiko a Haikali, ɗaya tak ya nuna wa almajiransa, gwauruwa mai anini biyu, ita ma ba a kira ta gaba ba.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi: waɗanda suka aiko da kuɗi daga Abuja ko Legas ko ƙasar waje suna son shaida, kuma an sha ganin kayan marayu sun yi ɓatan dabo. Wannan tsoro na gaskiya ne. Bulus ma da zai aika gudummawa Urushalima bai riƙe jakar shi kaɗai ba, ya haɗa Titus da 'yan'uwan da ikkilisiyoyi suka amince da su don kada a sami abin zargi. To a yi haka. A buɗe littafi, mai karɓa ya sa hannu ko ya dangwala a ɗaki, mutum biyu masu amana su duba, a aika wa masu bayarwa lissafi da rasit. In hoto ake so, a ɗauki buhuna, ba sa jin kunya. Ma'aji ake tuhuma da rashin amana, don me fuskar gwauruwa za ta biya?

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Zazzau ya san kala, yadda mata da yara ke bin gona bayan an cire gyaɗa ko an yanke dawa suna tsintar abin da ya rage. Ku duba yadda Bo'aza ya yi da Rut. Yana da halin ya kira ta gaban ma'aikata ya auna mata sha'ir kowa na gani. Sai ya ja yaransa gefe ya ce su riƙa zaro zangarniya daga dami suna yarwa da gangan, su bar ta ta tsinta, kada kuma wanda ya tsawata mata ko ya kunyata ta. Da yamma ta sussuke abinta ta ɗauka ta kai wa surukarta, guminta ne, kanta a ɗage. Wannan shi Bahaushe ke kira rufin asiri. Kullum bakinmu na kan "Allah ya rufa mana asiri", sannan mu ɗauki makirfo mu tone na wani a gaban bagade.

Don haka ina roƙonku, bana a gwada wata hanya. A zaɓi iyaye biyu daga Zumuntar Mata, masu riƙe baki, su kai kaya gida-gida bayan duhu ya yi, kamar masu zuwa gaisuwa. Kafin nan a tambayi mutum abin da ke damunsa. Mun taɓa kai wa tsohuwa mai ciwon sukari shinkafa shekara uku a jere, alhali kuɗin allura take nema. Wata kuɗin haya ne ya hana ta barci, wata kuɗin makarantar Janairu. A kuma buɗe ido a ga waɗanda ba sa cikin takarda kuma ba za su taɓa shiga ba: magidanci da aiki ya tsaya masa, ɗan fansho irina, ɗalibin jami'a da ya rage a ɗakin kwana a Samaru ko Kongo don ba kuɗin motar gida, iyalin da 'yan bindiga suka koro daga ƙauye suka raɓe a ɗaki ɗaya wurin dangi. Maganar anko kuma, iyayena mata, a sassauta. Akwai waɗanda ke fashin sujadar Kirsimeti ba don komai ba sai don zane.

A bar matalauci ma ya bayar. In tsohuwa ta kawo wa Baba Rabaran ƙullin gyaɗa ko ƙwai uku, kada a ce "Haba Mama, ke da ake taimaka wa." A karɓa hannu bibbiyu, a ci a gabanta in da hali. Ita ma a bar ta ta ɗanɗana albarkar nan da ake ta faɗa.

Sannan ko Lahadi ɗaya ce a cikin wannan wata, ku yi mana wa'azin karɓa. Ba sai kun je da nisa neman misali ba, yana gabanku duk ranar Jibin Ubangiji. Na sha tsayawa a gefe ina kallon hannuwa: na farfesa mai agogo, na mai gadi da sanyi ya farfasa, na mai sayar da ƙosai da ƙonon mai a yatsa, duk a buɗe, duk wayam. A wurin nan kaɗai ban taɓa jin an kira adadin kowa ba. Ku ma da kuke hidima a Wusasa kuna da abin nunawa. Mishan ta baro cikin birni ta koma can a 1929, majami'ar ƙasa da magina Hausawa suka gina tana nan tsaye har yau. Waɗanda suka fara cika ta ba attajirai ba ne, a cikinsu akwai zuriyar Isawa, Hausawan nan mabiya Annabi Isa, da ciwon barci ya tarwatsa daga ƙauyen Gimi. Daga wannan ɗan wuri Dakta Dikko ya fito, likitan farko na Arewa, daga nan Janar Yakubu Gowon ya tashi, ɗan mai bishara. An ba su karatu, an ba su magani, suka karɓa, ba a ce sun zubar da mutunci ba. Jikokinsu ne yau muke jin miƙa hannu abin kunya ne, muna kuma sa wanda ya miƙa ya ji haka.

Har yau ban san wanda ya ajiye buhun nan ba. Na daina tambaya. Abin da ya jawo mini shi ne duk wanda na gamu da shi a layinmu, Kirista ko Musulmi, babba ko yaro, sai in gaishe shi da kyau, don ban sani ba ko shi ne.

Bayan waccan Kirsimetin ta 2023 na ɗauki ƙafa na je gidan uwar da na kira sau biyu. Na zauna a tabarma na yi ta kewaye-kewaye kafin na iya cewa abin da ya kawo ni. Ta saurara har na gama, ta ce, "Ba komai, Malam, ya wuce," ba ta ƙara ba. Da zan tashi ta shiga ɗaki ta fito da ƙullin ƙuli-ƙuli a leda ta ce in kai wa mai jiki. Hannuna ya riga ya kai aljihu kafin na ankara. Na zaro shi, na karɓa, na ce na gode.

Ɗanta yana gida ranar, ina jin rediyonsa a ɗaki. Bai fito ya gaishe ni ba.

Naku cikin Ubangiji,
Wani tsohon ma'ajin ikkilisiya,
Zariya.